Murhu na Biyar

Tun ranar da Fadilu ya karɓo diflomarsa ta aikin gas daga Damagaram, tsoro guda ne yake kwana da shi yake tashi da shi: kada wata rana lissafinsa ya ci ran mutum. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake auna bututu, ya sake aunawa, ya tafi gida ya kasa zama ya dawo ya ƙara dubawa, ya san akwai abin da ke cin sa a rai.

Wata safiya cikin damina, abin da yake gudu ya cim masa. Ɗakin girkin ƙungiyar mata masu kindirmo da cuku, wanda shi ya haɗa wa gas da hannunsa, ya kama da wuta. Mace ɗaya ce a ciki, Yakura, babbar mai dafa madarar ƙungiyar, kuma uwar matarsa Zuhura. An fito da ita da rai, amma hannuwanta biyu sun ƙone, aka wuce da ita gidan likita.

Da aka kashe wutar, sai aka tarar da abin da ya juya magana. A bayan ɗakin, inda bututun jan ƙarfe ya bi jikin bango daga kejin tukwanen gas, an yanke shi da zarto, an bar giɓi kamar kamu ɗaya. Rumfar zanar da ke wajen ta zama toka.

Kafin hantsi garin Gure ya rabu biyu. Wasu suka ce maƙiyi ne ya yanke. Wasu suka ce ai mai aikin ne ya riga kowa zuwa ya yanke wajen da ya yi ha'inci, don kada a gani. Kaltumi, ɗaya daga matan ƙungiyar, wadda ta leƙa ɗakin da asuba kafin ta tafi tarbar masu kawo madara, ta rantse cewa ta ga wutar murhunan ta yi rauni kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

“Ka ji ko, Mushe Fadilu?” in ji Hajiya Habsu, shugabar ƙungiyar, tana kiransa da laƙabin Faransanci da ake yi wa ƴan boko. “Siririn bututu ka sa mana. Wuta ta mutu, gas ya cika ɗaki, baiwar Allah ta ƙyasta ashana. Surukarka fa! Ko a makaranta ba a koya muku tsoron Allah?”

Abin da take faɗi shi ne abin da zuciyar Fadilu ke faɗa masa tun ɗazu.

Shugaban jandarma, jami'an tsaron garin, ya ce shi ba ya son dogon zance. In magariba ta yi ba a samo wanda ya yanke bututun ba, Fadilu zai kwana a hannunsu, gobe a wuce da shi Damagaram. Mai unguwa ya roƙi arziki a bar shi ya kira mai bin sawu.

*

Baba Abatcha tsoho ne daga wajen Alakoss, wanda ya yi shekara da shekaru yana bin sawun raƙuma da shanun da aka sace. Ya zo da sandarsa, ya dubi filin da masu bokitin ruwa suka tattake, ya yi tsaki.

“Gari guda ya yi rawa a kan shaidata,” in ji shi. “Kai ne mai bututun? Zo nan. Ni raƙumi na sani. Faɗa mini yadda wannan abu yake tafiya, amma da Hausa, ban da Faransanci.”

Fadilu ya durƙusa ya zana layi a ƙasa da yatsa. “Baba, kamar hanyar ruwa ce a lambu. Murhu huɗu ne a ɗakin. Na haɗa abin da kowanne yake sha, na auna nisa daga tukwane har murhu na ƙarshe, na sa har da kowace lanƙwasa, domin ita ma tana rage ƙarfi. Sannan na zaɓi faɗin da zai kai wa na ƙarshe rabonsa ko da an kunna duka huɗun a lokaci guda.”

“To ka yi kuskure?”

“Ban sani ba, Baba. Na sake lissafin a kaina tun safe, yana fitowa daidai. Amma wuta ta yi rauni, Kaltumi ba ta ƙarya.”

“Ita mai ciwon me ta ce?”

Fadilu ya sunkuyar da kai. “Surukata ce. Tun da aka ɗaura mana aure da ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na shigo ta fita, in ta shigo na fita. Ɗiyarta ce ke kai saƙo tsakaninmu. Yau ma an ce ba ta ce wa kowa komai ba.”

“Madalla da ɗa mai kunya,” in ji tsohon, ba tare da an gane yabo ba ne ko akasinsa.

Ya bar tsakiyar filin ya koma gefe, inda yashi ya sha ruwan saman jiya bai tattaku ba. Can ya tsaya ya nuna da sanda. Sawun jaki ne, kofaton baya na hagu a tsage, ɗigon ruwan sama ya faɗa a kansa. A gefe kuma ga sawun tayar moto, wato babur.

“Jakin nan ya zo kafin ruwa. Duk Gure an san mai shi.”

*

Ɗan Talata mai itace suka tarar yana faskare a bakin kasuwa. Tun da gas ya shigo ƙungiyar ya rasa manyan masu sayen itacensa, kuma babu majalisar da bai faɗa ba cewa wata rana iskar nan sai ta ci mutum.

“A'a, ga mai duba da almajirinsa!” in ji shi. “Baba, in jakina kake nema, ga shi can, ba a sace shi ba. Wa zai saci wannan?”

“Ina tambayar abin da ya kai shi bayan ɗakin mata jiya da yamma.”

Ɗan Talata ya ajiye gatari, ya dubi hagu da dama. “Wa ya gan ni?”

“Ƙasa.”

“Ƙasar nan munafuka ce.” Ya matso ya rage murya. “Ku rufa mini asiri. Ruwan cuku nake karɓa wa awakina. Da rana in zage su, da yamma in kai musu jarka. In aka ji, ina ni ina majalisa? Amma wallahi ko taɓa bututun ban yi ba. Ni da nake tsoron abin kamar maciji.” Ya juya ga Fadilu. “Na ce zai ci mutum, Mushe, amma ban roƙi Allah ya ci ba. Yakura ita ke cika mini jarka.”

“Moton wa ka gani a wajen?”

“Na Tanimu. Na ɗauka famfo yake gyara musu.”

*

Tanimu mai gyaran moto yana kwance ƙarƙashin rumfarsa, ya rufe fuska da rawani kamar mai zazzaɓi. Da ya ji sallama ya tashi zaune, bai dubi Fadilu ba.

“Ni moto nake gyarawa,” in ji shi tun ba a tambaye shi ba. “Ina ruwana da gas?”

“Wa ya ce gas?” in ji Baba Abatcha. “Gaisuwa muka zo. Jiya ka je wajen mata?”

“Na bi ta can. Hanya ce.”

“Hanyar da ta ƙare a jikin bango?”

Fadilu ya lura da zarton ƙarfe a rataye, da jan gari maƙale a haƙoransa. Ya miƙe zai yi magana, tsohon ya tare shi da sanda.

“Tanimu, ubanka abokina ne. Ba ka da gaba da matan nan, ba ka da gaba da wannan. Wani ne ya sa ka.”

“Baba, na yi rantsuwa. Ko yanka ni za a yi ba zan kama suna ba.”

Da suka fito, Fadilu ya ce, “Baba, shi ne! Mu kira jandarma.”

“Shi ya yanke, na yarda. Amma zai ce kai ka aike shi, ko mutane su faɗa a madadinsa. Hannu muka samu, ba mu samu kai ba. Mu jira rana ta karkata. Sawu ba ya magana da tsakar rana.”

*

Bayan la'asar suka koma. Hasken ya kwanta a gicciye, kowane ɗan rami a ƙasa ya yi inuwa. Baba Abatcha ya tsuguna a bakin tokar rumfar da ta ƙone, daidai ƙarƙashin giɓin bututun, ya daɗe yana kallo. Sai ya yafito Fadilu.

A cikin baƙar tokar akwai tabo uku farare, kowanne kamar gindin kofin shayi, a jere kamar duwatsun murhu. Toka ta rufe ko'ina ban da su.

“Wani abu mai ƙafa uku ya tsaya a nan lokacin da wuta ke ci,” in ji tsohon. “Bayan ta mutu aka ɗauke shi. Dabbar da na sani ba ta da ƙafa uku. Kai ka san ta?”

Fadilu ya auna tazarar tabon da tafin hannu. “Murhu ne, Baba. Irin ƙaton nan na gidan biki, wanda ake ɗora tukunyar da ke cin buhun shinkafa. Shi kaɗai yana shan abin da huɗun can suke sha.” Ya ɗaga kai ya dubi giɓin. “Ba ɓarna aka zo yi ba. Reshe aka fitar. An yanke nan, aka haɗa da tiyon roba, robar ta ƙone shi ya sa ba mu gan ta ba. Bututun na murhu huɗu ne, aka ɗora masa na biyar tun daga sama. Ya shanye gas, na cikin ɗaki suka yi rauni, iska ta hure su, famfunansu kuwa a buɗe.”

“Ashe lissafinka bai yi ƙarya ba.”

Ya kamata Fadilu ya ji sanyi a ransa. Bai ji ba, domin ya tuna wadda ta taɓa neman ƙarin murhu.

Tsohon ya riga ya yi gaba. Daga bayan katanga sawu ya fita, da ɗan baƙin toka a cikinsa, ya nufi gabas. Fadilu ya bi shi suka bar gidaje, suka hau tudun yashi.

“Mace ce,” in ji Baba Abatcha yana tafe. “Kaya a kanta, mai nauyi, dubi yadda diddige ya nutse. Takun gajere. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wani a cikinta, tana buɗe ƙafa tana tafiya. Nan ta sauke ta huta.”

Ga tabo uku a kan yashi. Kusa da su sawun ya fito sarai, har zanen takalmin. A tsakiyar tafin hagu akwai wata ƴar alama kamar gicciye.

Fadilu ya tsaya. Ya san alamar nan. Shi ya ɗaure maɗaurin takalmin da guntun wayar jan ƙarfe lokacin da ya tsinke, ya murɗa bakin wayar ta ƙasa don kada ta soki mai shi.

Tsohon bai waiwayo ba. Suka gangara cikin kwari, inda lambuna suke a ƙarƙashin dabino. A lambun Yakura, bayan rijiya, an tara busasshen kaba. Baba Abatcha ya ɗaga da sanda. Murhun na nan, baƙi ƙirin, da guntun roba a narke a bakinsa.

Suka zauna a bakin rijiyar. Kurciya na kuka a kan dabino.

“Sawun ya koma gari,” in ji Baba Abatcha. “Ba sai na bi shi ba, kai ma ka san ƙofar da ya shiga. Ni aikina in ce ga inda ƙafa ta bi. Murhun zan kai gaban mai unguwa, don ba zan bari a tafi da kai a kan ƙarya ba. Suna kuwa, ba a tambaye ni ba tukuna.”

“Ciki wata shida,” in ji Fadilu a hankali, “ta ɗauko wannan ƙarfe a ka, ta hau tudun nan. Da safe ta ba ni ruwan wanka tana haki, na ɗauka kukan uwarta ne.”

Ya ci gaba kamar mai magana da rijiyar. “Da damina ta sauka, Iya Yakura ta aiko ta ce madara ta yi yawa, a ƙara mata murhu. Na ce a gaya mata bututun ba zai ɗauka ba, sai an kawo mai faɗi daga Damagaram. Ranar da na koya wa matan yadda abin yake, tana ganina ta ja mayafi ta fita. Wallahi Baba, daɗi na ji da ta fita. Ita ce ta fi kowa zama gaban wutar nan, ita kaɗai ce ba ta ji bayanina ba.”

*

Gab da magariba aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Shugaban jandarma na zaune a kujera, matan ƙungiya a gefe guda, Ɗan Talata da Tanimu a gaba, jama'a sun yi zobe. Baba Abatcha ya sa aka dire murhun a tsakiya, ya faɗi abin da toka ta nuna. Fadilu ya bayyana yadda bututun murhu huɗu ya kasa ciyar da biyar. Bai tsallake komai ba.

“To ni dai na fita,” in ji Ɗan Talata. “A rubuta, jakina ma ya fita.”

Ba wanda ya yi dariya sosai. Shugaban jandarma ya juya ga Tanimu. “Kai ka yanke?”

“Ni ne, Shef.”

“Wa ya sa ka? Wa kuma ya ɗauke murhun?”

Tanimu ya dubi ƙasa. Shef ɗin ya dubi mai bin sawu. Tsohon ya dubi Fadilu. In Fadilu ya yi shiru, zargi zai ci gaba da rataya a wuyansa, a ce shi ya aiki Tanimu. In ya yi magana, matarsa da uwarta ya miƙa.

“Ni na ɗauke shi.”

Zuhura ce ta miƙe daga cikin mata, ta dafa bango. Ba ta dubi mijinta ba.

“Iya ce ta sa aka haɗa. Makiyaya suna kawo madara tun daga Bune, a ƙafa, tukwane ba sa isa. Shekaranjiya ta zubar da ƙwarya uku da suka lalace, ta dawo gida tana kuka, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa zubar da madara a ƙasa ba, ba ta kuma taɓa mayar da mai kawowa da kayansa ba. Da ake ɗaukar ta zuwa likita ta riƙe ni ta ce, ki ɗauke murhun, kada mijinki ya san na shiga aikinsa ta bayan gida. Kunyarsa take ji. Na ɗauka za a ce ƙaddara ce a bar maganar. Ban san shi za a kama ba.”

“Amma ai ya aika mata cewa bututun ba zai ɗauka ba,” in ji Baba Abatcha.

Zuhura ta share ido da bakin mayafi. “Ni na kai saƙon. Yaya zan ce wa uwata mijina ya ce a'a? Na ce mata ya ce to, a ɗan yi haƙuri.”

Hajiya Habsu ta jima tana juya carbi, sannan ta ce, “Fadilu, na zalunce ka a gaban mutane, a gaban mutane nake neman gafara. Amma dokar ƙungiya a fili take. Wanda ya taɓa kayan gas ba da izini ba, ya bar mu.”

“Saura kai,” in ji shugaban jandarma. “Aikinka aka ɓata, sunanka aka ɓata. In ka shigar da ƙara, in tafi da mai zarton da mai ɗauke shaida yanzu.”

Fadilu ya dubi murhun. Ya dubi ƙafar matarsa, da takalmin da ya ɗaure da waya. Duk tsawon aikin nan ya auna kowane taƙi na bututun har ya gaji da aunawa, amma bai taɓa tambayar kansa ko maganarsa tana isa inda ya aike ta ba.

Ya miƙe tsaye.

“Shef, ba ni da ƙara a kan kowa. Hajiya, ina roƙon ku jinkirta hukuncinku. Dokar ta wanda aka gaya wa ce ya ƙi ji, ita kuwa ba a gaya mata ba. Zan sake haɗa ɗakin da bututu mai faɗin da zai ɗauki murhu biyar, kuma wannan murhun nata shi ne na biyar. Tanimu zai riƙe mini awo, ya ga yadda ake yi.”

Ya ɗaga murya yadda na bayan taro za su ji.

“Amma ba zan taɓa ko ƙusa ɗaya ba sai na je gidan likita. Yanzu zan tafi. Zan shiga ɗakin da Iya take, in zauna a gabanta, in dube ta, in gaya mata da bakina abin da ya kamata ta ji tun farkon damina. Wanda zai ce Fadilu ba shi da kunya, ya fara faɗa tun daga nan.”